Wa Aka Yi wa Daɓen Kabarin Rumawa?

A bakin tekun Italiya, inda kogin Tiber yake zuba cikin Bahar Rum, akwai wata tsohuwar maƙabarta da ake kira Isola Sacra. Tana tsakanin garin Ostiya da tashar jiragen ruwa ta Portus, wadda Sarki Claudius ya fara ginawa a shekara ta 42 miladiyya, Sarki Trajan kuma ya faɗaɗa ta bayan shekara sittin da wani abu. Rairayi ya binne maƙabartar tsawon ƙarnoni, shi ne ma ya kare ta, har zuwa shekarun 1920 da 1930 lokacin da masanin tarihi Guido Calza ya jagoranci tono ta. Abin da ya fito ya fi kama da unguwa: ɗakuna kusan ɗari na jan bulo, a jere a gefen hanya, kowanne da ƙofarsa da 'yan tagoginsa da allon dutse mai ɗauke da sunan mai shi.

A ƙofar ɗaki na 43 akwai daɓe na ƙananan duwatsu baƙaƙe da farare. An zana jiragen ruwa biyu, a tsakaninsu ga hasumiyar tashar Portus da wuta a samanta, sai kalmomi biyu na Girkanci masu ma'anar "nan wahala take ƙarewa". Duk wanda ya gani zai ce ai magana ta fito fili: rayuwa tafiyar teku ce, kabari kuma shi ne tashar da ake sauka. Haka ne. Amma mutanen da ke kwance a wannan maƙabarta da tashar suke ci suke sha. Wannan hasumiya kullum suna ganin ta, kuma irin hoton nan nata yana nan a daɓen shagunan 'yan kasuwa a dandalin ƙungiyoyin fatake na Ostiya, inda babu mai zancen mutuwa. To hoton aƙida yake faɗa, ko sana'ar mamacin, ko kuwa abin da hannun mai daɓen ya saba yi ne kawai? Wannan tambaya ce take bin duk wanda ya tsaya nazarin irin wannan daɓe, kuma ba a amsa ta sai an fara sanin me ake yi a ɗakin.

Ga mai karatu da ya saba da kabarin Musulmi, rami da itace da ƙasa, a yi addu'a a juya, batun yi wa kabari daɓen ado zai zo masa banbaraƙwai. Rumawa ba haka suka ɗauki abin ba. Tun dokokinsu na farko da aka rubuta a alluna goma sha biyu, wajen shekara 450 kafin miladiyya, an hana binne gawa ko ƙona ta a cikin gari. Saboda haka maƙabartu suka jeru a bakin manyan hanyoyi da zarar an fita ƙofar gari, kamar hanyar Appia ta birnin Rum. Kuma ba wuraren da ake gudu ba ne. Kwana tara bayan jana'iza dangi kan koma su ci abinci a wurin. Duk shekara, daga 13 zuwa 21 ga Fabrairu, ana bikin Parentalia na tunawa da iyaye da kakanni, a rufe wuraren bauta, a dakatar da ɗaurin aure, kowa ya nufi kabarin nasa da furanni da hatsi da gishiri da ruwan inabi. Akwai ranar haihuwar mamaci, akwai bikin fure na Rosalia wajen watan Mayu da Yuni. Wasu masu hali har wasiyya suke bari da kuɗi, a riƙa yi musu wannan walima bayan ransu.

A Isola Sacra shaidar wannan tana nan a gine. A ƙofar ɗakuna da yawa akwai dakali biyu suna fuskantar juna, masu ɗan gangare, inda ake kishingiɗa a ci abinci yadda Rumawa suke yi a liyafa. Wasu ɗakunan suna da rijiya, wasu da tanderun gashi. Wanda ya haƙa rijiya a kabari ya san za a riƙa zuwa. Da zarar an gane haka, daɓen ya daina zama abin mamaki. Ɗaki ne da ake buɗewa sau da yawa a shekara, a share, a kunna fitila, a shigo da dangi da barori. Mai shi yana so a ga ɗakin ya yi kyau kamar yadda yake so a ga zauren gidansa. Gawa ba ta ganin daɓe. Masu rai ne suke takawa, su ne kuma suke yanke hukunci a kan ko gidan wane ya fita kunyar mamacinsu.

Su wane ne masu waɗannan ɗakuna? Ba manyan masu mulki ba ne, waɗancan suna da hubbarensu a gonakinsu da manyan hanyoyin Rum. Allunan sunayen da hotunan gasasshen yumɓu da ke jikin bango sun nuna masu sana'a ne: maƙeri, mai sayar da ruwa, mai niƙa, mai jirgin fito. A ɗaki na 100 akwai ungozoma Scribonia Attice, an sassaƙa ta tana karɓar haihuwa, a gefe guda kuma mijinta likita yana duba ƙafar majiyyaci. Da yawansu 'yantattun bayi ne ko 'ya'yansu, kuma wannan yana da muhimmanci. Bawa a dokar Rum ba shi da aure da doka ta sani, ba shi da zuriya tasa ta kansa. In ya samu 'yanci ya tara abin hannu, ɗakin kabari shi ne wurin da zai rubuta a dutse cewa ga shi, ga matarsa, ga 'ya'yansa, ga nasa 'yantattun bayin da zuriyarsu. Har faɗin filin da zurfinsa ake rubutawa da ƙafa-ƙafa, wani lokaci a ƙara da gargaɗin cewa wannan gini ba ya shiga cikin gado, don kada magaji ya sayar. Talakawa kuwa suna nan a rairayin da ke tsakanin ɗakunan, wani an rufe shi da fale-falen rufin ɗaki an jingina su kamar tanti, wani tokarsa a cikin tulu da wuyan tulun a waje. Su babu daɓe. Duk abin da za a faɗa a kan wannan ado, magana ce ta masu matsakaicin hali zuwa sama.

Aikin kansa yana buƙatar haƙuri fiye da baiwa. Wanda ya taɓa ganin mata suna daɓen ɗaki da tsakuwa da makuba ya san sirrin yana cikin duka da shimfiɗa, ba a fuskar da ake gani ba. Magini Vitruvius, wanda ya yi rubutu a zamanin Sarki Augustus, ya bayyana hawa-hawan aikin: a fara jera duwatsu masu girman dunƙulen hannu, a zuba ɓaraguzai da aka cuɗa da farar ƙasa a daddaka sosai, sannan a shimfiɗa garin fasasshen bulo kashi uku da farar ƙasa kashi ɗaya. A kan wannan ne ake shafa siririn kwaɓi, daidai abin da za a iya gamawa kafin ya bushe, a riƙa dasa 'yan duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Kowanne bai fi santimita ɗaya ko biyu ba, ke nan murabba'in mita ɗaya yana cin dubbai. In an gama a cike tsagogin, a goge da dutse har ya yi sumul.

Mun san ma abin da ake biyan masu aikin. A shekara ta 301 Sarki Diocletian ya fitar da dokar ƙayyade farashi a duk daular. Leburan gona dinari 25 a yini tare da abinci. Mai daɓen ƙasa 50. Mai irin wannan aiki a bango da rufi 60. Mai fentin bango 75, mai zana hoton mutane kuwa 150. Wato mai daɓe yana sahun birkila da kafinta ne, ba a sahun manyan masu zane ba. Wannan ya kamata ya rage wa mai nazari zumuɗi. Mutumin da ake biya kuɗin birkila, wanda jiya ya yi daɓen gidan wanka, gobe zai yi na shago, ba lallai ne ya zauna ya ƙirƙiro falsafar mutuwa ga kowane mai ba shi aiki ba. Yana da zanukan da ya iya, mai gida ya zaɓa gwargwadon aljihunsa. Shi ya sa mafi yawan daɓen kaburbura babu mutum babu dabba a cikinsu, sai igiya mai tufka, da dara-dara, da ganyen inabi, da tulu a tsakiya. A tsakiyar Italiya a ƙarni na 2 baƙi da fari ne yayi, domin baƙin dutsen aman wuta da farin dutsen farar ƙasa suna nan kusa, aikin kuma ya fi sauri. Arewacin Afirka da gabashin daular su suka riƙe launuka.

Duk da haka ba za a ce zaɓin ba shi da ma'ana ba. A ƙarƙashin babbar majami'ar Saint Peter da ke Vatican akwai wata maƙabartar mai irin waɗannan ɗakuna. Sarki Konstantin ne ya sare rufinsu ya cika su da ƙasa wajen shekarun 320 don ya samu filin gina majami'a, aka tono su tsakanin 1940 da 1949. A ɗaya daga cikinsu, daɓen baƙi da fari ya nuna Pluto, wanda Rumawa suka ɗauka sarkin ƙasar matattu, ya sungumi budurwa Proserpina a keken dawaki huɗu, Mercury, manzon allolinsu, yana gaba yana nuna hanya. A tatsuniyar, yarinyar tana tsinkar fure ne aka sace ta, uwarta Ceres, mai kula da amfanin gona, ta yi ta nema har ƙasa ta bushe, a ƙarshe aka daidaita a kan za ta riƙa dawowa wani ɓangare na shekara. Babu wanda zai ce bisa kuskure wannan labari ya shiga kabari. Ɗaruruwan shekaru kafin haka ma, a kabarin Amphipolis na ƙasar Girka da aka gano a 2014, wannan hoton ne a daɓen tsakuwa. A Isola Sacra kuma akwai ɗakin da daɓensa ya nuna Alcestis, matar da ta yarda ta mutu a madadin mijinta har jarumi Hercules ya dawo da ita daga ƙasar matattu, kewaye da hotunan noma da girbin hatsi.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne a tsallaka daga "wannan hoto ya dace da wurin" zuwa "mai wannan kabari ya yi imani da tashi bayan mutuwa". Wasu masana na farkon ƙarni na 20 sun yi nisa a wannan hanya, kowane tsuntsu ya zama rai, kowane jirgi ya zama tafiya zuwa lahira. Ni dai ina ganin labarin Proserpina ya fi kusa da kukan uwa da aka fizge wa 'ya ba shiri fiye da alkawarin dawowa. Labarin Alcestis kuma yabo ne ga matar kirki kafin ya zama komai. Rumawa ba su da aƙida guda a kan abin da ke bayan mutuwa. A maƙabarta ɗaya za ka ga allon da aka sadaukar ga ruhohin matattu, kusa da shi wani ya rubuta: "Dā ban kasance ba, sai na kasance, yanzu ba na nan, ban damu ba." Hoto ɗaya zai iya zama ta'aziyya ga wannan, fata ga wancan, ado kawai ga na uku, kuma duk ukun suna iya zama 'yan gida ɗaya da suka zo walima rana ɗaya.

Akwai abin da ya fi hotunan faɗin gaskiya, wato ramukan da ke jikin daɓen. A wasu ɗakunan Vatican an dasa 'yan allunan dutse masu huji a gefen adon, a ƙarƙashinsu bututu ya sauka zuwa inda tokar mamaci take. Ta nan ake tsiyaya ruwan inabi ko madara ko zuma, a ba mamaci rabonsa na walimar. Nan daɓen ya zama iyaka tsakanin masu ci a sama da wanda ake ciyarwa a ƙasa, kuma an bar ƙofa a iyakar da gangan.

Sai al'ada ta sauya ta taɓa daɓen kai tsaye. Har farkon ƙarni na 2 yawancin mutanen Rum ƙona gawa suke yi, a zuba tokar a tukunya a ajiye a alkukin bango. Ɗaki ɗaya yana ɗaukar tukwane da yawa, ƙasa kuma ta zauna lafiya. Daga zamanin Sarki Hadrian, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, binne gawa ɗungurungum ya fara rinjaye, zuwa ƙarni na 3 ya zama ruwan dare. Gawa tana cin wuri. Aka fara gina gurabe masu baka a ƙasan bango, da suka cika aka koma haƙa ramuka a ƙarƙashin ɗakin, wani kan wani. Kowace sabuwar jana'iza sai an fasa daɓe an sake faci. Faci-facin nan, waɗanda a ido suke ɓata ado, su ne suke ba masu tono labarin tsawon lokacin da iyali suka yi suna amfani da ɗakin da lokacin da ya koma hannun wasu. Sannu a hankali daɓen ya tashi daga shimfiɗar ɗaki ya fara zama murfin kabari.

Kafin a bi wannan zare zuwa Afirka, ya kamata a leƙa gabas, domin a can ne aka yi daɓen kabari mafi ban sha'awa a duk daular. Birnin Edessa, wanda Larabawa ke kira Ruha, shi ne Urfa ta kudancin Turkiyya a yau, garin da al'adar mutanen wurin ke dangantawa da Annabi Ibrahim. Ƙaramar masarauta ce ta sarakunan gidan Abgar, a matse tsakanin Rum da Farisa, har Sarki Caracalla ya mayar da ita ƙarƙashin Rum kai tsaye wajen shekara ta 213. Masu arzikin garin kan fafe kogo a jikin duwatsun da ke kewaye, a yi wa gawarwaki gurabe a bango uku, tsakiyar kuma a yi daɓe mai launi. Abin da suka sa a daɓen ba tatsuniya ba ce galibi. Kansu suka sa. Ga maigida a tsakiya da riga da wando irin na Farisawa, ga matarsa da doguwar hula da mayafi ya sauko daga samanta, ga 'ya'ya maza da mata a jere, kowa ya zuba wa mai shigowa ido, kowa da sunansa a rubuce kusa da kansa da harshen Suryani. A wani daɓen maigidan yana kishingiɗe da ƙoƙo a hannu, iyali na kewaye da shi. Walimar da ake yi a ƙofar kabari a Italiya, a nan an dasa ta da dutse a cikin ɗakin, mamacin ne kuma mai masaukin baƙi.

Rubutun da ke jikinsu yakan kira kabarin "gidan dawwama", yakan kuma ba da shekara bisa ƙidayar Salukawa, sarakunan Girkawa da suka taɓa mulkin yankin, wadda ta fara a 312 kafin miladiyya. Shi ya sa waɗannan suna cikin 'yan kaɗan da aka san shekarunsu daidai. Akwai mai hoton tsuntsun nan na tatsuniya da ake cewa yana ƙonewa ya sake tashi daga tokarsa, na shekara ta 235 zuwa 236. Akwai mai hoton Orpheus, makaɗin da namun daji ke taruwa su saurari garayarsa, na 227 zuwa 228. Wani Orpheus ɗin ya girme shi, na watan Nisan na shekara ta 505 a ƙidayarsu, wato 194 miladiyya. Mai shi, Papa ɗan Papa, ya rubuta cewa ya yi wannan wurin hutu don kansa da 'ya'yansa da magadansa, ya rufe da sa albarka ga duk wanda ya gani ya yi masa fatan alheri. Mutumin da ya rubuta haka a ƙasan kogo yana sa ran za a shigo a karanta.

A arewacin Afirka ne abin ya kai ƙarshen sauyinsa, bayan Kiristanci ya kafu. Daga ƙarni na 4 zuwa na 6 mutane suka riƙa neman a binne su kusa da kabarin waɗanda aka kashe saboda addini, suna fatan maƙwabtakar za ta amfane su. Aka gina majami'u a kan irin waɗannan kaburbura, ƙasan majami'ar kuma ya zama maƙabarta. Kowane kabari aka rufe shi da nasa daɓen, dogo mai tsawon mutum, daidai da sauran ƙasa, masu ibada suna bi ta kai. An samu ɗaruruwan irinsu a Tunisiya da Aljeriya, a Tabarka da Kelibia da Sousse da Tipasa, har salon ya haye teku zuwa Tarragona ta Sifaniya, inda aka gano maƙabartar a 1923 ana haƙa harsashin kamfanin taba, aka samu daɓen wani mutum mai suna Optimus sanye da farar riga.

Na Tabarka, garin bakin teku kusa da iyakar Aljeriya, su ne suka fi yawa da bambanci. Tsarin kusan ɗaya ne: a sama kambin ganye da alamar sunan Almasihu a ciki, sai suna da shekarun da mamaci ya yi da kalmar "cikin salama", wani lokaci da ranar rasuwa, a ƙasa kuma mutumin a tsaye ya ɗaga hannuwa yana addu'a tsakanin kyandir biyu, kurciyoyi da furanni sun cika gefe. Wani an nuna shi zaune a teburin rubutu da alƙalami. Mafi shahara shi ne na wata mata mai suna Valentia, wanda bai nuna ta ba sam, ya nuna ginin majami'a ne da ginshiƙansa da matakalarsa da rufinsa, an rubuta "Majami'a uwa". Masu nazarin gine-gine suna ji da shi domin yana cikin 'yan hotunan da suka nuna yadda majami'un Afirka suke a lokacin da rufinsu yake kansu.

Duba abin da ya canza. A Isola Sacra da Edessa iyali ne ke da ɗaki, daɓe ɗaya ya ɗauke su duka, makulli yana hannun dangi. A Tabarka kowa da nasa, sunansa shi kaɗai, jama'ar majami'a ce ta maye gurbin dangi a matsayin masu ziyara. Aikin ma ya fi na dā kaushi, fuskoki sun zama da'ira da manyan idanu, haruffa sun karkace, domin ana yin sa ne cikin gaggawa a kan sabon kabari a majami'ar da ake amfani da ita. Kuma wuri ya yi kaɗan, sabon kabari yakan yanke gefen tsoho ba tare da wata-wata ba.

Walimar kuwa ba ta mutu nan da nan ba. A Tipasa ta Aljeriya an samu teburan gini a kan kaburbura da wurin kishingiɗa a kewaye, ɗaya an yi masa daɓe da hoton kifaye da rubutun roƙon salama da haɗin kai su tabbata ga wannan liyafa tamu. Malaman coci ba su so abin ba, domin yakan ƙare da maye. Augustine, ɗan Souk Ahras wanda ya zama bishof na Hippo, wato Annaba ta yau, ya rubuta wa bishof na Carthage, babban birnin yankin da ke kusa da Tunis ta yau, wajen shekara ta 392 yana neman a hana shaye-shaye a maƙabartu. Shi da kansa ya ba da labarin mahaifiyarsa Monica, wadda ta je Milan da kwandon abinci da ruwan inabi za ta kai kaburbura kamar yadda ta saba a gida, mai gadi ya tare ta ya ce Bishof Ambrose ya hana. Ta bari. A Ostiya ta rasu a shekara ta 387, 'yar tafiya kaɗan daga Isola Sacra.

Wata matsalar ita ce ta takawa. Hoton Pluto a ƙasa bai dami Barume ba, amma alamar Almasihu a ƙarƙashin takalmi ta dami hukuma. A shekara ta 427 sarakuna Theodosius na biyu da Valentinian na uku suka yi dokar hana zana ko sassaƙa wannan alama a ƙasa ko a dutsen da aka shimfiɗa a ƙasa. Ba a kafa doka a kan abin da ba a yi. A Afirka ma ba ta samu lokacin aiki ba, domin shekara biyu bayan haka Bandalawa, wata ƙabilar mayaƙa daga arewacin Turai, suka haye daga Sifaniya, suka ci Carthage a 439, mutane kuma suka ci gaba da sa alamar a kan kaburburansu har bayan da Rumawan gabas suka karɓe ƙasar a 533.

Yawancin waɗannan abubuwa a yau ba a ƙasa za ka gan su ba. Na Tabarka, waɗanda Faransawa suka tono a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suna gidan tarihi na Bardo a birnin Tunis, da yawa a manne a bango kamar hotunan falo. Yadda ake ɗaga su a dā shi ne a manna ƙyalle a fuskar, a yanka gunduwa-gunduwa, a ɓanɓare daga shimfiɗar, a zuba a siminti da rodi. Rodin yakan yi tsatsa ya kumbura ya fasa abin da aka ce ana ceto. Asarar da ta fi wannan ita ce ta bayani. Daɓen da ke bango ba ya gaya maka ta ina ƙofa take, wa hoton yake fuskanta, ina ƙafafu suka fi suɗe shi, ƙasusuwan wa ke ƙarƙashinsa, ko wane kabari ya yanke wane. Mai kallo sai ya ɗauka zane ne da aka yi don a tsaya a yaba, alhali an yi shi ne don a tsaya a kansa. Tun bayan kafa kwamitin duniya na kula da irin wannan daɓe a birnin Rum a 1977, ra'ayin masana ya karkata ga barin su inda suke, a yi musu rumfa, ko a ɗauki hotonsu a sake rufe su da rairayi in babu kuɗin gadi.

Na Edessa sun fi shan wuya. Masanin harsunan gabas J. B. Segal ya ga wasu a kogunansu a shekarun 1950 ya rubuta bayaninsu. Bayan haka wasu aka farfasa, wasu ɓarayi suka yanke kawunan mutanen suka fitar da su kasuwannin kayan tarihi na Turai da Amurka, inda fuska ɗaya daga cikin iyali takan ɓulla ita kaɗai, sunanta a gefe, sauran 'yan'uwan babu labari. Daɓen Papa ɗan Papa ya ɓulla a gwanjo a 1999, gidan tarihin zane na Dallas a Amurka ya saya. Hukumomin Turkiyya suka gabatar da hotunan da suka nuna shi a kogonsa kafin a ɓanɓare shi, gidan tarihin ya mayar da shi a watan Disamba na 2012. Yanzu yana Urfa, a gidan adana daɓen tarihi na garin.